Dokta Jamot: Likitan Da Ya Kai Asibiti Ƙofar Talaka

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a ɗaya daga cikin garuruwanmu, ko Maruwa ne, ko Garwa, ko Kusiri, ko Yagwa, ya san cewa tun kafin likita ya tambayi inda ke yi wa mutum ciwo, aljihu ne ke fara amsa tambaya. Akwai kuɗin kati, akwai na awon jini, akwai na ƙarin ruwa, wani lokaci har safar hannun da za a duba majinyaci da ita sai an saya. Magidanta nawa ne suka sayar da akuya, ko buhun masakwar da aka ajiye don bazara, domin a karɓi matar da naƙuda ta zo mata da gardama? Nawa ne kuma suka zauna a gida suna jiƙe-jiƙe har rai ya yi halinsa, saboda sun san ba su da abin miƙawa? Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa a Kamaru kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya, daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye.

Wannan ne ya sa a yau muka ga ya dace mu kawo wa mai karatu tarihin wani mutum da ya rasu tun shekarar 1937, wato Dokta Eugène Jamot, wanda ake furta sunansa Jamo. Bature ne ɗan Faransa, sojan likita, kuma ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka, don haka ba mu ɗauko shi domin mu wanke wancan zamani ba. Mun ɗauko shi ne saboda rayuwarsa kacokan ta tafi a kan tambayar da har gobe muke yi, wato wa ke da alhakin lafiyar wanda ba shi da ko dala? A cikin tarihinsa akwai abin koyi, akwai kuma abin tsoro, za mu kawo su duka biyun.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Jamot ranar 14 ga Nuwamba, 1879, a wata 'yar ruga mai suna La Borie da ke gundumar Creuse a tsakiyar Faransa, yankin manoma da makiyaya wanda talauci ke korar samarinsa zuwa ci-rani a birane. Iyayensa manoma ne. Ya yi karatun kimiyyar halittu a garin Poitiers, daga nan ya tsallaka Aljeriya inda ya yi aikin koyarwa, a can ne kuma ya fara karatun likita, wanda ya kammala a Montpellier a 1908.

Da ya samu takardar shaidarsa sai ya koma gida, ya zama likitan ƙauye a wani gari mai suna Sardent. Shekara biyu kawai ya yi a nan. A 1910, yana da shekara 30 da 'yan kai, ya shiga makarantar likitocin sojan mulkin mallaka da ke Marseille, bayan ya fito kuma aka turo shi ƙasar Cadi, inda ya yi aiki tare da sojojin da ke yankin Wadai. Ke nan farkon abin da ya gani na Afirka ta kudu da Sahara, ƙasa ce irin tamu ta rairayi, rana da ƙarancin ruwa. Bayan ya koma Faransa ya ƙara ilimi a Cibiyar Pasteur ta Paris a kan ƙwayoyin cuta, a 1914 aka tura shi reshen cibiyar da ke Brazzaville.

Isarsa ke da wuya sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Mai karatu zai tuna cewa a lokacin Kamaru na hannun Jamus, kuma wannan yaƙi ne ya kawo faɗuwar Garwa a 1915 da miƙa wuyan Jamusawan da ke kan dutsen Mora a Fabrairun 1916. Jamot ya shigo Kamaru ta kudu maso gabas a matsayin babban likitan ɗaya daga cikin rundunonin Faransa. A wannan tafiya ce ya ratsa ƙauyukan da ciwon barci ya yi wa kaca-kaca. A 1916 ya koma Brazzaville a matsayin shugaban cibiyar.

Mene ne ciwon barci?

Yaran yanzu da yawa ba su san wannan ciwo ba, amma kakanninmu na bakin kogi sun san shi. Ƙudan tsando ne ke yaɗa shi, shi ne kuma ƙudan da ke sa wa shanu sammore. Idan ya ciji mai ɗauke da ƙwayar cutar ya koma ya ciji mai lafiya, to ya dasa masa. Da fari sai zazzaɓi mai zuwa yana dawowa, da ciwon kai, da kaluluwa a bayan wuya. Bayan watanni ko shekaru sai ƙwayar ta kai ga ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa barci da rana yana farkawa da dare, wani ma har da loma a baki, hankalinsa ya gushe, ya rame, daga ƙarshe ya mutu idan ba a yi magani ba. A farkon ƙarni na 20, annobar wannan ciwo ta kashe mutane kimanin 250,000 a ƙasar Uganda kaɗai.

Ya kamata mu faɗi cewa mulkin mallaka da kansa ya taimaka wajen bazuwar ciwon. Ɗaukar kaya a ka daga wannan yanki zuwa wancan, aikin tilas na hanyoyi da layin dogo, tura mutane daji neman roba, da zirga-zirgar sojoji, duk sun kwashi ƙwayar cutar daga inda take zuwa inda ba ta. Wanda ya kawo maganin, da hannunsa a cikin yaɗuwar cutar.

Dabarar da ya zo da ita

A wancan zamani tsarin da aka sani shi ne a gina asibiti a garin da Bature yake zaune, likita ya zauna ya jira majinyata. Jamot ya lura cewa wannan tsari ba zai taɓa kashe annoba ba, domin mai ciwon barci na ƙauye ba shi da ƙarfin tafiyar kwana biyar a ƙasa, wanda kuma ciwon bai kwantar ba bai ma san yana ɗauke da shi ba, alhali shi ne rumbun da ƙuda ke ɗiba. Saboda haka sai ya juya al'amarin, ya ce likita ne zai tashi ya je wurin jama'a, a duba kowa da kowa, mai ciwo da mai lafiya, a yi wa wanda aka samu magani nan take, kuma kyauta.

Ya fara gwada wannan dabara a Ubangi-Shari, wadda a yau ake kira Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, daga 1917 zuwa 1919. Da 'yan ma'aikata ƙalilan da madubin likita da bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ya duba mutane kusan 90,000, ya gano fiye da 5,000 masu ɗauke da cutar.

Yadda aikin ke gudana shi ne, a aika wa hakimi ko mai gari cewa ranar kaza ayari zai iso. A tara jama'a a jere, magatakarda na kiran suna daga littafin ƙidaya. Wani ma'aikaci aikinsa kawai shafa wuya yana neman kaluluwa, wani ya soka allura ya ɗebo ruwanta, wani ya ɗebi jini, wasu na zaune a inuwa da madubin likita suna neman ƙwayar cutar, wasu kuma na yin allurar magani. Kowa da abu guda da ya ƙware a kai. Ta haka ne likita ɗaya zai iya kula da dubban mutane, domin ainihin aikin 'yan ƙasa ne ke yin sa, samarin da aka koya wa cikin 'yan watanni.

Zuwansa Kamaru

A 1922 aka turo Jamot garin Ayos da ke bakin kogin Nyong, gabas da Yawunde, inda tun zamanin Jamus akwai sansanin masu ciwon barci. Abin da ya tarar ya wuce misali. A yankunan Akonolinga, Abong-Mbang da Lomie akwai ƙauyukan da fiye da rabin mutanensu ke ɗauke da cutar, gonaki sun koma daji, haihuwa ta ragu, mutuwa ta yi yawa, ciwon kuma na matsowa Yawunde.

Aikin bai tsaya a kudu ba. A nan arewa ma akwai tsohuwar matattarar ciwon a gaɓar kogunan Logone da Shari, daga Logone-Birni zuwa Kusiri, wadda Faransawa suka yi wa laƙabi da Fort-Foureau, inda masunta da masu ɗiban ruwa ke cuɗanya da ƙudan tsando a cikin duhuwar bakin kogi. A cikin shekarun 1920 aikin binciken ya iso wannan yanki, aka kuma kafa wurin jinyar masu ciwon a Logone-Birni. Ga mutanen ƙauyuka da dama na wannan gaɓa, wannan ne karon farko da wani ma'aikacin gwamnati ya zo musu da abin da ba karɓar haraji ko neman 'yan aikin tilas ba.

Da ya tattara alƙalumansa, Jamot ya tafi Paris ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi. Ya dace da lokaci, domin Faransa na riƙe da Kamaru ne a matsayin amana daga Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, kuma dole ta riƙa kai rahoto Geneva kowace shekara. A gefe guda Jamusawa na ta yayata cewa Faransa ta bar mutanen tsohuwar ƙasarsu suna mutuwa. Kunya da siyasa suka haɗu suka buɗe bakin baitulmali. Ranar 8 ga Yuli, 1926, aka kafa hukuma ta dindindin ta yaƙi da ciwon barci a Kamaru, aka ɗora Jamot a kanta, da kasafin kuɗinta da ma'aikatanta, ba ta ƙarƙashin ikon kowane kwamandan yanki. A lokacin da ta bunƙasa tana da likitoci 18 da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa kimanin 400.

Cikin 'yan shekaru ayarin Jamot ya duba mutane fiye da 600,000, ya gano fiye da 100,000 masu ciwon, ya yi musu magani. Zuwa 1930 sababbin kamuwa sun ragu ƙwarai a yankunan da a da ake ganin sun tafi ke nan. Babu wanda aka tambaya ko dala.

To sai dai a nan akwai abin lura. Kyautar ba daga sama ta faɗo ba. Ban da tallafin da ya zo daga Faransa, kuɗin ya fito ne daga baitulmalin Kamaru, wanda harajin talakawa ke cikawa. Manomin Diyamare da makiyayin Binuwai da suka biya haraji, da kuɗinsu a cikin allurar da aka yi wa mutumin Ayos. Abin da ake kira magani kyauta a kowane zamani ke nan, wato al'umma ta haɗa kuɗi tun kowa na da lafiya, domin kada a tambayi mutum kuɗi a ranar da ya kwanta.

Inda gizo ke saƙa

Duk da wannan nasara, mutanen da aka yi wa aikin ba duka suka tuna da shi da alheri ba. Fitowa taro dole ce, wanda ya ƙi ana iya cin sa tara ko a ɗaure shi a ƙarƙashin dokar da ta bai wa kwamanda ikon hukunta ɗan ƙasa ba tare da shari'a ba. Masu gari da dogarai ne ke koro mutane. Ana yi wa wanda aka samu da ciwon alama a jiki, ana hana shi tafiya sai da takarda, masu tsananin ciwo kuma a tsare su a sansani nesa da danginsu. Ƙauyawa ne ke ɗaukar kayan ayari a ka, su ne kuma ke ciyar da shi. Ba a yi wa kowa bayani, ba a neman yardar kowa. Shi ya sa a wurare da dama da an ji ayarin likita na tafe sai mutane su watse cikin daji.

Magungunan kansu ba abin wasa ba ne. Manyansu biyu, atoxyl da tryparsamide, an haɗa su ne da sinadarin arsenik, wanda guba ne, kuma an san cewa idan aka zarce ƙima suna lalata jijiyar ido. Abin da ake gudu kuwa shi ya faru a yankin Bafia a ƙarshen shekarun 1920, inda wani matashin likita daga cikin ma'aikatansa ya ninka ƙimar tryparsamide bisa ra'ayin kansa. Mutane kimanin 700 suka makance. Talakawa ne da aka tara da ƙarfin hukuma, aka yi musu allurar da ba su nema ba, suka koma gida ana yi musu jagora.

A 1931 sunan Jamot ya kai ƙololuwa. An baje aikinsa a babban bikin nunin ƙasashen mulkin mallaka da aka yi a Paris, jaridu na ta yabonsa, har an gabatar da sunansa don lambar yabo ta Nobel. A daidai wannan lokaci ne maganar Bafia ta fito fili. Hukuma ta ɗora masa laifi a matsayinsa na shugaba wanda bai kai rahoton abin yadda ya kamata ba. A Nuwamban 1931, yana cikin jirgin ruwa a hanyarsa ta komowa Kamaru, aka sauke shi a Dakar, aka sanar da shi cewa an tsawata masa a hukumance kuma an raba shi da muƙaminsa. Bai sake riƙe aikin Kamaru ba.

Magoya bayansa sun daɗe suna cewa hassadar manyan likitoci da kwamandoji ce ta ci shi, waɗanda dama ke jin haushin 'yancin da aka ba shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma mu a namu ganin, an cika yawan juyayin abin da ya samu likita, an manta da waɗanda suka rasa idanunsu. Tsarin da ba ya sauraren wanda ake yi dominsa, ranar da ya yi kuskure babu mai tsayar da shi da wuri.

Shekarunsa na ƙarshe

A 1932 aka tura shi Wagadugu domin ya binciki ciwon barci a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, inda hukumomi ke cewa ciwon bai taka kara ya karya ba. Cikin shekara uku ayarinsa ya duba mutane fiye da rabin miliyan, ya gano kimanin 70,000 masu ciwon. Maimakon godiya sai ya gamu da gaba, domin alƙalumansa sun tona asirin waɗanda suka yi shekaru suna rubuta cewa lafiya lau. An hana shi 'yancin aiki irin wanda ya samu a Kamaru, ya koma Faransa cikin ɓacin rai, ya yi ritaya a 1936.

Ya koma Sardent, garin da ya fara aiki, ya ci gaba da duba manoma a matsayin likitan ƙauye, cikin ƙuncin hannu da raunin jiki. A nan ya rasu ranar 24 ga Afrilu, 1937, yana da shekara 57. A Yawunde an gina masa hasumiyar tunawa a gaban Ma'aikatar Lafiya, akwai kuma Asibitin Jamot, wanda ya shahara wajen jinyar tarin fuka da taɓin hankali.

Abin da ya bari

Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1939, Faransa ta kafa a Bobo-Dioulasso irin hukumar da ya nema aka hana shi, a ƙarƙashin Dokta Gaston Muraz. A maƙwabciyarmu Nijeriya ma, Ingilishi sun yi amfani da ayarin masu bincike irin wannan a cikin shekarun 1930, kuma a ƙasar Zazzau, a yankin Anchau, an sare duhuwar bakin rafuka, aka tayar da ƙauyuka, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka faɗaɗa aikin ayarin ya haɗa da kuturta, agana, sanƙarau da sauransu. Dattawanmu har yanzu suna tuna motocin masu lamba da ke zuwa ƙauye da rani. Wani almajirin wannan tsari, Dokta Léon Lapeyssonnie, shi ne a 1963 ya zana taswirar yankin sanƙarau da ya ratsa daga Senegal zuwa Habasha, wanda Maruwa da Garwa ke cikinsa. Rigakafin sanƙarau da aka yi wa jama'a kyauta a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa a ƙarshen 2011 jikan wancan tunani ne.

Halin tilas da rashin saurare shi ma an gada. A 1954, a yankin Yokaduma da ke gabashin ƙasa, allurar rigakafin ciwon barci da aka yi da gurɓataccen ruwa ta kashe mutane kimanin 30, ta raunata wasu da dama. Wanda ke mamakin yadda wasu iyaye ke ɓoye 'ya'yansu idan masu rigakafi sun zo, ya kamata ya san cewa tsoro ma yana da tarihi.

Wani darasin shi ne na ɗorewa. Zuwa shekarun 1960 ciwon barci ya kusa ɓacewa a Afirka, sai aka saki jiki, kuɗi ya janye, yaƙe-yaƙe suka tarwatsa ayarin bincike a ƙasashe irin su Kwango, Angola da Sudan. Ciwon ya dawo, har a 1998 aka ba da rahoton kusan mutum 40,000, ana kuma ƙiyasin cewa na ɓoye sun kai 300,000. Da aka sake komawa ga dabarar bin ƙauyuka da magani kyauta, adadin ya sauko ƙasa da 1,000 a shekara tun daga 2018, a 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Cadi ta kawar da ciwon a matsayin barazana ga lafiyar jama'a. Cuta ba ta san an gaji ba, da an ɗaga ƙafa take dawowa.

Mu kuma a yau

Bayan samun 'yanci a 1960, a zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, akasarin jinya a asibitocin gwamnati kyauta ce ko kusa da haka, a 1969 kuma aka buɗe makarantar horar da likitoci ta farko a Yawunde. Daga tsakiyar shekarun 1980 tattalin arziki ya karye. Shirin Bamako na 1987 ya kawo tsarin majinyaci ya biya wani abu domin a samu kuɗin sayen magani, a 1993 aka zabtare albashin ma'aikata, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Nauyin ya faɗo kan talaka, kuma babu inda ya fi jin sa kamar nan, domin binciken gwamnati na 2014 ya nuna cewa kusan mutum 3 cikin 4 a Arewa Mai Nisa na cikin talauci. Annobar kwalara ta 2010, wadda ta faro daga wannan jiha ta kashe fiye da mutum 600 a ƙasar, ta nuna irin ramin da ke akwai.

An ɗauki wasu matakai da ya kamata a yaba. A 2007 aka mayar da maganin rage kaifin cutar ƙanjamau kyauta. A 2011 aka yi haka ga maganin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan ƙasa da shekara 5. A 2015 aka fara shirin takardar lafiya ta masu juna biyu a jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, da tallafin Faransa da Jamus, inda mace ke biyan sefa 6,000, wato jaka 6, a duba ta tun daga awo har haihuwa, ko da ta fiɗa ce, da kwana 42 bayan haihuwa ita da jaririnta. Daga 2016 aka fara bi gida-gida da damina ana bai wa yara maganin rigakafin zazzaɓi a Arewa da Arewa Mai Nisa, wanda ba komai ba ne illa dabarar Jamot a hannun 'ya'yan unguwa. A Afrilun 2023 kuma, a garin Mandjou, ministan lafiya Manaouda Malachie ya ƙaddamar da zangon farko na shirin kula da lafiyar kowa da kowa.

Sai dai mai karatu zai lura cewa da yawa daga cikin waɗannan shirye-shirye da kuɗin waje suka tsaya. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, Kamaru kuwa ba ta taɓa kusantar wannan adadi ba. A 2025, da Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙasashen waje, wanda a cikinsa akwai na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a jihohinmu biyu, kowa ya ga hatsarin dogaro da tukunyar maƙwabci. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma jingina da bangon wani ma haka yake.

Tarihin Jamot ya nuna mana abu uku. Na farko, idan hukuma ta ware kuɗi na musamman, ta horar da 'ya'yan ƙasa, ta kai magani inda talaka yake ba tare da ta tambaye shi kuɗi ba, ana iya karya annoba ko da babu kwalta babu lantarki. Na biyu, aikin lafiya da aka gina a kan tsoro yana iya makantar da ɗaruruwa kafin wani ya buɗe baki, don haka lamido, lawani, jauro, malamai da ƙungiyoyin mata dole su zama masu faɗa a ji a cikinsa, a kuma samu inda talaka zai kai kuka idan an karɓi kuɗinsa a kan abin da aka ce kyauta ne. Na uku, kuɗin namu ne tun asali, daga harajin kasuwa, na auduga da na shanu, saboda haka neman jinya ba roƙo ba ne.

Shawararmu ga mai karatu ita ce, ya je cibiyar lafiya mafi kusa ya tambayi abin da doka ta ba matarsa da 'ya'yansa, ya yi rajista, ya nemi rasiɗi a kan duk abin da ya biya. Ga wakilanmu na majalisa da magadan gari kuwa, idan lokacin kasafi ya zo, su tuna cewa kusan shekara 100 da suka wuce an kai madubin likita Logone-Birni a kan kawunan mutane da cikin kwalekwale. Ba mu ga uzurin da za a kawo a yau a ce mace ta rasu a kan hanyar asibiti saboda jaka 6 ba.